Kafin Ki Sayi Littafi Mai Tsarki Na Nazari

Zancenmu na wannan mako a kan Littafi Mai Tsarki ne irin wanda ake kira na nazari, watau wanda aka buga da bayani a ƙasan kowane shafi, da taswirori, da jerin kalmomi a ƙarshe. Yana da tsada ƙwarai, kuma wanda kika saya bana mai yiwuwa shi 'ya'yanki za su gāda. Saboda haka kada kyan bango ya ruɗe ki.

Ki lura, kowane shafinsa kashi biyu ne. Na sama shi ne Nassi. Na ƙasa kuwa, mai ƙananan baƙaƙe, maganar mutane ce irinmu, kome iliminsu. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, har sarki ya taɓa damuwa da shi. A juyin Turanci da aka buga a birnin Janiba a 1560, an yi bayani a kan ungozoman Ibraniyawa da suka ƙi kashe jarirai maza, aka ce sun yi daidai da suka ƙi bin umarnin Fir'auna. Sarki James na Ingila bai so irin wannan bayani ba ko kaɗan. Don haka juyin da ya fito da sunansa a 1611 ba a sa masa bayanin koyarwa a gefe ba. Haka kuma littafin Scofield na 1909 ya raba tarihin duniya zamani bakwai, mutane da yawa suka haddace wannan rabo kamar aya ce, alhali ra'ayin mai bayanin ne.

To, yaya za ki gwada? In kin shiga kantin littattafai, ki buɗe wurin da kika sani sarai, kamar Littafin Rut ko Karin Magana sura 31, ki karanta bayaninsa a littafi biyu ko uku. Mai kyau zai gaya miki al'adar mutanen wancan zamani da ma'anar kalma mai wuya, inda malamai suka saɓa kuma ya faɗa. Wanda ya yanke hukunci a kan kome, ni dai ina jin tsoronsa. Ki duba shafin farko kuma, ki ga su wane ne suka rubuta.

Sa'an nan maganar harshe. An gama juya Littafin duka zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Miller na Wusasa ya ba da ƙarfinsa ciki, sabon juyi kuma ya fito wajen 1980. Amma galibin na nazari da Turanci suke. Uwargidan da Turanci ke mata nauyi gara ta riƙe na Hausa mai nuna ayoyi masu dangantaka, ya fi mata amfani da ƙaton littafin da zai kwanta a akwati. 'Yar sakandare kuwa ta nemi mai sauƙin Turanci, kamar NIV Study Bible na 1985, ko Africa Study Bible na 2017 wanda 'yan Afirka suka rubuta bayaninsa. 'Yar Katolika ta tabbata nata mai littattafai 73 ne, gama na ikilisiyoyin Furotesta 66 ne.

Kada ki manta da idonki. Bayanin nan kullum da ƙananan baƙaƙe ake buga shi, kuma yawancinmu sai dare muke samun sukuni, bayan yara sun kwanta. Ki ɗaga takarda ɗaya, in rubutun baya yana hudowa sosai, ki ajiye. Ki duba gadon bayansa, ɗinki ne ko manni? Mai manni ba ya jure hunturu, nan da nan takardu su fara zubewa. Nauyi ma abin dubawa ne. ESV Study Bible na 2008 ya wuce shafi 2,700, ba na ɗauka zuwa Zumuntar Mata da goyo a baya ba ne, wannan na teburin gida ne. In kin kawo shi, ki ɗinka masa riga da ƙyalle, ki ajiye shi nesa da bango saboda gara.