Me ya sa mura da ƙyanda ke ƙaruwa da hunturu?

Duk wanda ya yi tari ko atishawa, ko ma ya yi magana, yana fesa ƙananan ɗigon yawu da majina cikin iska. Idan yana ɗauke da ƙwayar cutar mura, ƙyanda ko korona, tana cikin waɗannan ɗigo. Manyansu kan faɗi ƙasa nan da nan, ƙananan kuwa sukan daɗe suna yawo, kamar ƙurar da ake gani idan hasken rana ya ratso ta taga.

Da hunturu iska ba ta da laima. Ɗigon kan bushe da sauri, ya ƙanƙance, ya yi sauƙin tashi. Busasshiyar iska da hazo kuma suna busar da cikin hanci, majinar da ke tare ƙwayoyin cuta ta rage aiki. Ga sanyi na sa a rufe ƙofa da taga, mutane su cunkushe a ɗaki ɗaya. Ƙwayar ƙyanda na iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai cutar ya fita. A arewacin Nijeriya da Nijar, ƙyanda ta fi yawa da rani.

A waje abin da sauƙi: iska na watsa ɗigon, hasken rana na kashe ƙwayoyin. Don haka a riƙa buɗe tagogin aji da na masallaci ko da ana sanyi, mai tari ya rufe baki, a kuma kai yara rigakafin ƙyanda.