Birkin Tsohuwar Mota a Hannun Kanikawan Magariya da Dungas

A ƙasar Magariya da Dungas tsufa ba ya sa a ajiye mota. Muddin inji zai tashi, za a loda mata gero da wake da gyaɗa, a ɗaure raken Waca a bisa, fasinja su hau kan kaya, ta kama hanyar kasuwa. Yankin yana kudancin jihar Damagaram, a jingine da iyakar Najeriya. Dungas ma a da cikin gundumar Magariya take, sai a 2011 aka ba ta tata gundumar. Direba dai babu ruwansa da wannan rabo. Yau yana Bande, gobe Sasumburum, jibi Dogo-Dogo ko Malawa, ranar Alhamis kuwa hankalin kowa yana kan kasuwar dabbobi ta Maigatari a can tsallaken iyaka.

Motar da ta yi tashe a waɗannan hanyoyi ita ce Peugeot. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, daga 1975 kuma aka soma harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna. Wannan ya sa akori-kura da kayan gyaranta suka wadata a ƙasar Hausa, ɓangaren Najeriya da na Nijar. Yanzu Hiace da Canter da babura sun karɓe yawancin aikin, amma tsofaffin ba su ƙare ba, kuma dattawan kanikawa da yawa a jikinsu suka koyi sana'a. Kayan gyara har gobe yawanci daga Kano ake sayo su, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 2023, sabon kaya ya yi wuya, dole ta sa aka ƙara dogaro ga hannun mai gyara.

Gareji a nan sau da yawa inuwar bedi ce, da rumfar kwano, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da butar shayi a kan gawayi. Kanikanci ba sana'ar gado ba ce irin ƙira ko fawa ko wanzanci, amma ta ɗauki tarbiyyarsu. Uba ne zai riƙo hannun ɗansa ya kawo wa maigida, wani lokaci da ɗan goro, ya ce, "Malam, ga amana na kawo maka." A yi fatiha, shi ke nan yaro ya shiga. Zai daɗe yana shara, yana ɗebo ruwa, yana miƙa sifana, har ya iya gane lambarta da ido ba sai ya duba ba. Daga nan a bar shi ya kwance taya, ya shiga ƙarƙashin mota. Birki kam ba a saurin sakar masa. Inji in an ɓata shi, mota ce za ta tsaya a daji a sha wahala; birki in an ɓata shi, rayukan mutane ne. Saboda haka ranar da maigida ya ce wa yaro ya buɗe masta da kansa, kowa a garejin ya san yaye ya matso.

Masta ita ce uwar famfon birki. Ɗan bututun ƙarfe ne da ke ƙarƙashin bonet ta gefen direba, da ƴar robar zuba man birki a kansa. A bayansa akwai wata baƙar tukunya mai faɗi wadda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. A motar fetur, zuƙar iskar da inji ke yi ce ke aiki a cikin tukunyar; a motar dizal kuwa akwai ɗan famfo na musamman da ke yin wannan zuƙar. Direba ya taka, tukunya ta ninka ƙarfin, fistin ya tura mai cikin bututai har zuwa tayoyi.

Bakaniken kirki ba ya farawa da sifana. Zama yake yi a kujerar direba, ya ɗora ƙafa a kan birki ya danne, ya yi shiru yana sauraron abin da ƙafar za ta gaya masa. In birkin yana nutsewa a hankali har ƙasa, kuma babu yoyo a tayoyi, to robobin cikin masta sun gaji. In ya yi taushi kamar an taka laka, iska ce ta shiga bututu. In kuwa ya yi tauri, sai an yi da gaske mota ke tsayawa, laifin na tukunya ne ko tiyon da ya haɗa ta da inji. Yana da gwaji a kan wannan: ya kashe mota, ya taka birki sau da yawa har ya ƙage, ya riƙe, sannan ya tayar da inji. Tukunya mai lafiya za ta sa birkin ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa. Duk wannan yana faruwa direba na tsaye a bakin taga yana cewa, "Maigida, jiya fa lafiya lau na dawo da ita." Shi kuma ba zai tanka ba sai ya gama.

In aka tabbatar masta ce, sai a shimfiɗa tsumma mai tsabta ko buhun da aka kakkaɓe, a juya wa iska baya, musamman lokacin hunturu, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta yanka sabuwar roba. Ƙasar nan kuwa rairayi ce ko'ina. A kwance bututai, a toshe bakinsu, a cire notuna biyun da suka riƙe masta a jikin tukunya. Maigida kan leƙa cikin tukunyar tukuna. In ya ga danshin mai, ya san robar baya ta daɗe tana yoyo a ɓoye. Sannan ya cire zoben da ya tare fistin, ya zaro kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma yadda suka fito: fistin, roba, sifirin, wani fistin. Jerin nan shi ne littafin yaro, ba a yarda kowa ya taɓa shi.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne duban rami. Maigida zai ɗaga bututun ya saita shi da hasken rana, ya rufe ido ɗaya, sannan ya zura ɗan yatsa ya shafa ciki. Man birki yana shan danshin iska, in ya shekara da shekaru ba a sauya shi ba, ruwan da ya tara sai ya ci ƙarfe ta ciki. Tsatsar sama-sama ana goge ta da sanfefa mai laushi da aka naɗe a jikin kara, ana juyawa a hankali ana jiƙawa da man birki. In kuwa tsatsar ta yi rami har farce na kamawa, mai gaskiya zai ajiye ya ce, "Direba, wannan ta gama aiki, a nemo wata." Akwai kuma ɗan ƙanƙanin ramin da mai ke komawa ta cikinsa bayan an saki birki. In datti ya toshe shi, tayoyi za su riƙe, su yi zafi, mota ta yi ta ja da ƙyar. Shi ma sai an buɗe shi. Sabbin robobi ana shafe su da man birki kafin a saka, kuma bakinsu ya fuskanci inda ƙarfin mai yake.

Cire iska shi ne wurin da gareji ke ɗaukar murya, domin aikin mutum biyu ne. Yaro a kujera, maigida a gindin taya da ƙaramar sifana, ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. "Buga!" Yaro ya yi ta takawa. "Riƙe!" "Na riƙe, maigida." A sassauta ɗan noti, mai ya fito da kumfa, a ƙulle. "Saki!" Haka za a yi ta yi taya bayan taya har mai ya fito garau, wani ƙaramin yaro kuma yana tsaye da kwalba yana ƙarawa kada robar sama ta ƙafe. Yaron da ya ɗaga ƙafa kafin a ce ya saki ya mayar da aiki baya, kuma zai sha faɗa. Bayan haka maigida da kansa yake zagayawa da motar, ya taka birki a fili kowa na kallo.

Kuɗin aiki ba a cika yanke shi tun farko ba tsakanin waɗanda suka saba. Direba ne ke sayo kaya, ladan hannu kuma sau da yawa sai an dawo daga kasuwa. Yara suna samun ɗan abin sayen abinci. Ranar yaye kuma a yi walima, a yi addu'a, maigida ya ba yaronsa ƴan sifanu ya sa masa albarka.

Sai dai akwai ɗabi'un da suka shigo sana'ar waɗanda bai kamata a yi shiru a kansu ba. Wasu suna wanke robobin birki da fetur domin shi ne a kusa, alhali fetur da baƙin mai kumbura irin wannan roba suke yi. Wasu direbobi in mai ya tsiyaye a daji sai su zuba ruwan sabulu, ko su daddaƙe bututun taya ɗaya su tafi da sauran. A matsayin dabarar fita daga daji, ana iya yi wa mutum uzuri. Abin takaici shi ne a iso gari lafiya a manta, a ci gaba da lodi a haka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi kuma yana taya mota tsayawa, shi ya sa direba ke ganin birkinsa na kamawa. A kan kwaltar Magariya zuwa Damagaram, mota cike da kaya, amalanken shanu ya ɓullo gabanka, rairayin ba ya nan. Ruwan sabulun kuma yana tafasa da zafin da man birki ke jurewa, in ya tafasa kuwa ƙafa ƙasa za ta tafi.

Direbobinmu, kwalbar man birki da robobi sababbi ba su kai abin da ake samu a lodin kasuwa ɗaya ba. In maigidan gareji ya duba ramin masta ya ce ta gama aiki, a daure a saurare shi, a bar motar ta kwana.