Danshi, Raɓa da Zafi a Garejin Gida

A gidaje da dama na Kano, Kaduna ko Zariya, gareji ne ɗakin da aka fi yi wa ginin gaggawa. Bulo ne da kwano, sai ƙofar ƙarfe. Ba silin, ba taga. Amma kuma shi ne ke ɗaukar kayan da suka fi tsada: mota, janareta, buhunan masara da shinkafa, ragowar siminti, har da kwalayen littattafai. Idan damina ta yi nisa, maigida ya buɗe ƙofa ya ji warin hunhuna, ya ga tsatsa ta kama kayan aiki, sai ya kira kafinta ya duba rufi. Sau da yawa kafinta zai hau ya sauko bai ga ɓula ko ɗaya ba.

Dalili shi ne ruwa yana shiga gareji ta hanya uku, kuma maganin kowace daban ne. Akwai yoyo daga sama, wanda kowa ya sani: ƙusa ta saki, ko indararo ya toshe. Akwai naso daga ƙasa. Sannan akwai raɓa, wadda iskar cikin ɗakin ce da kanta take zubar da ita. Wannan ta ukun ce ta fi rikita mutane, don haka ita ta fi cancantar bayani.

Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya dogara da zafinta. Iskar da ta cika kubik mita ɗaya, a zafin digiri 30, tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. A digiri 20 kuwa, abin da za ta iya kusan giram 17 ne kawai. Idan iska mai ɗumi da laima ta taɓa wani abu mai sanyi, sai ta kasa riƙe abin da ta ɗauko, ta sauke rarar a jikin abin. Wannan ne yake faruwa da gorar ruwan da aka fito da ita daga firij: ba daga ciki gumin yake fitowa ba, daga iskar waje ne. A ranar Agusta mai zafin digiri 30 da laimar kashi 80 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 26 zai fara gumi.

To me ya fi saurin sanyi a gareji? Kwano. Da dare, musamman idan sama ta washe bayan ruwa, kwano yana zubar da zafinsa har ya fi iskar da ke ƙarƙashinsa sanyi. Kafin asuba ɗigo ya jeru a cikinsa, yana sauka kan mota da buhuna. Daɓen siminti ma yana da nasa halin: yana jinkirin ɗaukar zafi, saboda haka da hantsi, iskar waje mai ɗumi tana shigowa ta same shi da sauran sanyinsa, sai ya jiƙe. Ƙara da motar da aka shigo da ita jiƙe sharkaf, injinta da zafi, aka kulle ƙofa. Ruwan jikinta ba inda zai je sai iska, daga iska sai kwano.

Rarrabe raɓa da naso ba ya buƙatar na'ura. A sami leda mai kauri, a shimfiɗa ta a daɓe, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta kwana biyu. In ruwan ya taru a ƙarƙashin ledar, daga ƙasa yake tasowa. In a samanta ne, raɓa ce. Naso yana da wasu alamun: fenti yana kumbura a ƙasan bango, farin gishiri yana fitowa kamar gari. Asalinsa rashin ledar da ya kamata a shimfiɗa kafin a zuba daɓe, ko kuma ƙasar waje ta yi tudu ta kai jikin bango. Ƙa'idar magina ita ce shingen hana danshi ya ɗara ƙasar waje da inci 6. Sake fenti a kan bango mai naso asarar kuɗi ce kawai. A fara da janye ƙasar, a gyara kwata, a karkata ruwan indararo nesa da gindin gini.

Ita kuwa raɓa, maganinta biyu ne: hana iska taɓa kwano mai sanyi, da ba ta hanyar fita. Silin, ko da na kwali ne, yana yin na farko, kuma yana rage zafin bazara ƙwarai, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40 a Kano kuma kwano ya koma tanda. Zafin nan yana rage kwanan batirin mota, yana busar da roba. Farin fenti a bayan kwano yana mayar da hasken rana da yawa. Na biyun kuma ƙofofin iska ne, ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗaya can sama a bangon da ke fuskantarta, a sa musu raga saboda ɓera da ƙwari. Iska mai zafi tana tashi sama ta fita, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Toshe kowace kafa don tsoron ƙurar hunturu shi ke mayar da ɗakin tarkon laima da damina.

Abinci ne ya fi damuna a wannan batu. Masara da gyaɗar da suka sha danshi suna kama hunhuna, kuma wani nau'inta yana fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda girki ba ya kawar da ita. Buhu kada ya taɓa daɓe ko bango. A ɗora shi kan katako, a bar tazarar da hannu zai wuce. Haka ma siminti, wanda laimar iska kaɗai ta isa ta daskarar da shi. Mai hali ya sayi ƙaramin ma'aunin laima, ya yi ƙoƙari kada laimar ta wuce kashi 60 cikin 100.

Ƙofofin iskar nan dai ba su mayar da gareji wurin kunna janareta ba. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana ratsa ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida ta kashe mutane cikin barci. Ko ana ruwan sama, wurinsa waje ne, ƙarƙashin rumfa, nesa da tagogi. Mota ma, da an tayar da ita a fitar da ita, kada a bar ta tana ɗumama a ciki.