Gonar Gwaji Ta Likitoci: Tarin Fuka Mai Taurin Kai

Mu malaman gona mun saba da gonar gwaji. Kafin mu ce wa manomi ya bar irin masarar da ya gada, sai mun shuka sabon iri kusa da tsohon, mu jira kaka, mu auna. Haka likitoci suke yi da sabon magani, sai dai tasu gonar jikin mutum ce, ba a kuwa shigarta sai da yardar mai ita.

Akwai tarin fuka wanda ba ya jin rifamfisin da isoniyazid, watau manyan magunguna biyu da aka saba bayarwa. A da, wanda ya kamu da shi yakan sha ƙwayoyi wata 18 zuwa 24, ga allura kullum wata da watanni, wadda takan kurmantar da waɗansu har abada. Bayan dukan wannan wahala, wajen rabi ne kaɗai suke warkewa.

Abin da ya sāke wannan labari shi ne marasa lafiya da suka yarda a yi gwaji da su. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2015 da 2017, mutum 109 suka shiga wani gwaji mai suna Nix-TB. Yawancinsu tarinsu ya riga ya gagari kusan kowane magani. Aka ba su ƙwayoyi iri uku, bedakwilin da firetomanid da linezolid, na wata shida, ba allura. Mutum 98 suka warke.

Amma kada mu ɓoye sauran lissafin. Bakwai sun rasu. Wajen takwas cikin kowane goma sun yi fama da zugi ko mutuwar ƙafa da hannu saboda ƙarfin linezolid. Sai da aka sāke wani gwaji, aka ga ko an rage yawansa yana aiki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yin amfani da maganin wata shida ga yawancin masu irin wannan tari.

To, in likita ya ce da ɗayanmu ya shiga gwaji fa? A ganinmu kada ya firgita, kada kuma ya yi garaje. Ya sa a karanta masa takardar yarda da harshen da yake ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ya tambaya ko kuri'a za a jefa, gama a yawancin gwaje-gwaje waɗansu sukan sami sabon magani, waɗansu wanda aka saba, ba kuwa likita ne yake zaɓa ba. Ya tambayi wace illa aka riga aka gani, da wanda zai biya kuɗin mota. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun da fari. Kowa yana da ikon ƙi, ko ya fita a tsakiya, ba za a hana shi maganin da aka saba ba.

Tambayar da mukan ga an manta ita ce ta damina. Mai gwaji yakan koma asibiti a kai a kai domin a auna jininsa da majinarsa da bugun zuciyarsa, har bayan ya gama shan magani. In ranakun sun faɗo lokacin noman fari, ƙungiya ta zauna tun da wuri ta sa ranar da za a yi masa gayya.