Amfani da Manhajojin Kwamfuta Wajen Binciken Harshen Hausa a Gombe

1.0 Gabatarwa

Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro a 1996, mahaɗa ce ta harsuna irin su Fulatanci, Tangale, Tera, Waja da Bolanci. Yara da yawa kan koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, don haka tsara musu manhajar karatu yana buƙatar hujjoji daga bakinsu da rubutunsu. Wannan sashe zai yi bayanin kayan aikin da za su taimaki masu bincike a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da sauran makarantun garin.

2.0 Neman bayanai da adana su

Google Scholar, wadda ta fito a 2004, tana gano muƙalu da littattafai, yayin da AJOL ta tattara mujallun ilimi na Afirka. Ƙamusun Bargery na 1934 yana kan intanet. Ita kuwa Zotero, kyauta ce. Tana adana bayanan kowane littafi, sannan ta tsara manazarta da kanta.

3.0 Nazarin furuci da rubutu

Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubuce. “Kuka” na hawaye da “kuka” ta miya karin sauti ne ya raba su, kamar yadda tsawon wasali ya raba “gari” na zama da “gari” na tuwo. Manhajar Praat, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana zana tashi da saukar murya, ta kuma auna tsawon wasali. Ta haka ake gano inda ɗalibi yake kuskure. AntConc kuwa tana ƙirga kalmomi a rubutun ɗalibai, abin da ke taimakawa wajen zaɓen kalmomin da suka dace da kowane aji.

4.0 Abin lura

Wajibi ne a buga haruffa masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) bisa tsarin Unicode. Idan aka bar ƙugiya, kwamfuta za ta haɗa “ƙasa” da “kasa” wuri guda, ƙidayar ta lalace. Haka kuma, saboda matsalar wutar lantarki, ya kamata a ajiye kowane aiki a wuri biyu.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa waɗannan manhajoji suna rage wahala da ɓata lokaci. Sai dai tantance sakamako da yanke hukunci suna wuyan mai bincike.