A RAGE MA YARA SUKARI, KADA A RAGE MUSU ABINCI

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku da kuke zuwa Yamai cin rani ko saida bisashe, kun ga abin da yaran birni suke sha. A bakin lakkol akwai masu tebur: alewa, biskit, ƙanƙarar leda, lemun kwalba. A kasuwar Katako da ta Wadata ana saida su kwali-kwali. Daga nan suke shiga mota su iso ƙauye. Mai komawa gida ma, tsarabar yaransa ke nan.

To, mu yi lissahi. Lemun kwalba ɗaya yana da sukari wajen garam 35, wato ƙwaya 6 ko 7 na sukarin shayi. Wane uba ne zai ƙirga ƙwaya 7 ya ba ɗansa ya tauna? Amma in ya saya masa kwalba, abin da ya yi ke nan. A shekarar 2015 hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce a rage sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha. Ko babban mutum, ya fi masa kyau ya tsaya wajen garam 25 a wuni. Kwalba ɗaya ta wuce haka.

Ɓarnar farko a haƙori take. Akwai ƙwayoyin cuta cikin baki masu cin sukari. In sun ci sai su fidda wani tsami, shi ne yake huda haƙori. Ta biyu, zaƙi yana kashe yunwa. Yaron da ya sha alewa da hantsi sai ya ture tuwo. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai samu abin gina jini da tsoka ba. A gidajen masu hali kuma ƙiba ce take kama yaro, mutane suna cewa hutu ne. Ƙiba tun ƙuruciya tana buɗe ƙofar ciwon sukari da hawan jini in an girma.

Amma a lura da kyau. A karkararmu tamowa ta fi ƙiba yawa. Kada uwa ta ji wannan magana ta rage ma ɗanta kwano. Sukarin za a cire, a sa abin kirki a madadinsa. A dama kunu da gujiya ko garin wake. A ba yaro hura da nono, ƙwai, zogale, garin kuka. In yana son zaƙi, ga mangwaro, ga magarya, ga goruba. Makiyayi mai nonon saniya ba ya da hujjar sayen madarar gwangwani mai sukari. Shayi kuwa na manya ne, a daina ba yara ragowar kofi na uku.

Jinjiri, nonon uwa kaɗai har wata 6. Kahin ya cika shekara 2, kada a sa masa sukari a kunu. Wanda ya riga ya saba, a rage masa kaɗan-kaɗan: yau ƙwaya 3, mako mai zuwa 2.

Wuri biyu ne sukari yake zama magani. Abincin gujiya na cikin leda, Plumpy'nut, da ake ba masu tamowa a gidan likita, yana da zaƙi, amma kada a hana shi. Haka ruwan zawo: tsabtataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba yaro yana kurɓa, a kama hanyar likita da shi.