Gudun Ruwa Da Zaɓen Famfo A Ƙaramin Tankin Murjani

Murjani, wanda Hausawa suka fi sani a matsayin jan dutsen ado na wuya da na hannu, ƙwarangwal ne na wata ƙaramar dabbar teku, kuma irin jan da fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara daga Bahar Rum ɗaya ne kawai daga cikin ire-irensa masu yawan gaske. Waɗanda ke gina tudu a ƙarƙashin tekuna masu ɗumi, kamar Bahar Maliya da gaɓar arewa maso gabashin Ostareliya, a cunkushe suke zaune, kowace dabba ba ta wuce 'yar jaka mai baki ɗaya da siraran yatsu suka kewaye ba. Kiwonsu a tankin gilashi ya bunƙasa ne a Jamus cikin shekarun 1970, kuma a birnin Balin ne wani mai kiwo, Dietrich Stüber, ya yi suna wajen shekarar 1980 saboda murjani mai rassa da ake kira Acropora ya girma a tankinsa, abin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. A yau mutane da yawa suna kiwonsa a ƙananan tankuna da ba su wuce lita 120 ba, inda ƙanƙantar wurin ke sa kowane kuskure ya bayyana da wuri, musamman kuskuren da ya shafi gudun ruwa.

Dalilin da ya sa gudun ruwa ya zama ginshiƙin wannan kiwo shi ne, murjani a manne yake da dutse, ba ya tashi neman abinci, ba ya kuma matsawa daga ƙazantar da ya fitar. A jikin duk wani abu da ke cikin ruwa akwai wani siririn rufi na ruwan da kusan ba ya motsi, wanda ke kauri idan ruwan kewaye ya kwanta, ya kuma yi siriri idan ruwan yana gudu, kuma ta cikin wannan rufi ne iskar oksijin da sinadaran gina ƙwarangwal ke ratsowa su kai ga dabbar. A cikin naman murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ko na fitila ta ciyar da mai masaukinta. Da rana wannan gansakuka tana fitar da oksijin da yawa, wanda idan ya taru ba a kwashe shi ba yakan cutar da naman, da dare kuma aikin ya tsaya, murjanin ya koma jan oksijin daga ruwa. Saboda haka ana bukatar motsin ruwa dare da rana, domin shi ne ke kawo abinci, ya wanke yauƙin da murjani ke fitarwa, ya kuma hana dattin kifi kwanciya a kansa.

Masu kiwo suna auna gudun ruwa da yawan sau nawa famfuna ke juya adadin ruwan tanki cikin awa ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, murjani mai laushi, wanda ba ya gina ƙwarangwal mai tauri, yana wadatuwa da ninki 10 zuwa 20, mai manyan bakuna da nama mai kauri yana son wajen ninki 20 zuwa 30, shi kuwa mai ƙananan bakuna irin Acropora, wanda asalinsa mazaunin inda igiyar teku ke fashewa ne, yakan bukaci ninki 40 zuwa 50 ko fiye. Idan aka ɗauki tanki mai lita 60, ninki 20 yana nufin lita 1,200 a awa, ninki 50 kuma lita 3,000. Sai dai duwatsu da yashi suna cin wani kaso na wurin, ta yadda tankin da aka rubuta lita 60 a kansa zai iya ƙunsar ruwan da bai wuce lita 50 ba, don haka wannan lissafi mafari ne kawai wanda za a gyara daga baya.

Famfunan iri biyu ne, kuma aikinsu daban ne. Na farko shi ne famfon mayarwa, wanda ke zaune a wani ƙaramin tanki na tacewa a ƙarƙashin babban tankin ko a wani ɗaki a bayansa, yana tura ruwan da aka tace ya koma sama. Wannan ba ya bukatar ƙarfi mai yawa, ninki 5 zuwa 10 ya ishe shi, kuma bai kamata ya turo ruwan da ya fi ƙarfin bututun da ke saukar da shi ba, in ba haka ba tankin ya yi ambaliya. Adadin da kamfani ke rubutawa a kwalin famfo an auna shi ne ba tare da ɗaga ruwa sama ba, alhali kowane taƙi na hawa, da kowace gwiwar bututu, da ƙanƙantar bakin bututun, duk suna rage abin da ke fitowa. Famfon da aka rubuta masa lita 600 a awa, wanda iyakar hawansa mita 1.5 ne, zai iya kasa ba da ko rabin haka idan aka ce ya ɗaga ruwa mita 1. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a tara kwalbar lita 1 a bakin bututun a duba agogo, idan ta cika cikin daƙiƙa 12, to famfon yana ba da lita 300 a awa.

Na biyu shi ne famfon cikin tanki mai farfela, wanda ake manna wa gilashi da maganaɗisu, kuma shi ke ɗaukar mafi yawan aikin. Kamfanin Tunze na Jamus yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan salo a farkon shekarun 2000, kuma fifikonsa a kan tsofaffin famfuna shi ne yana tura ruwa mai yawa a faɗaɗe kuma a hankali, maimakon siririn ruwa mai kaifi kamar na tiyo. Wannan bambanci yana da nauyi a ƙaramin tanki, inda tazarar da ke tsakanin famfo da murjani ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, kuma siririn ruwa da ke bugun wuri ɗaya ba dare ba rana yana iya saɓule naman murjani daga ƙwarangwal ɗinsa. Shi ya sa ƙananan famfuna biyu da ke fuskantar juna, ko ɗaya da aka karkata zuwa gilashi ko saman ruwa, suka fi babba guda ɗaya amfani, domin karon da ruwan ke yi yana haifar da motsi mai sauyawa irin na teku. Bruce Carlson, wanda ya shugabanci gidan kifin Waikiki da ke Hawai, ya shahara da wata dabara ta tara ruwa a mazubi a sama a sako shi lokaci guda, famfunan zamani kuwa suna kwaikwayon wannan ta hanyar ƙara gudu da rage shi da kansu. Tun da ana iya rage gudun irin waɗannan famfuna, sayen wanda ya ɗan fi bukata ƙarfi a rage shi ya fi sayen wanda zai yi aiki a iyakar ƙarfinsa.

Akwai kuma batun zafi, domin wutar da famfon cikin ruwa ke ci tana komawa zafi a ruwan. Famfo mai wat 10 zai ƙara wa lita 60 kusan digiri 1 cikin awa 7 da a ce zafin ba ya fita, alhali murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salsiyas, kuma zafin da ya wuce kima yakan sa ya kori gansakukarsa ya yi fari fat. Wannan ne ya sa kamfanin EcoTech Marine na Amurka ya ƙera famfon da injinsa ke wajen gilashi, farfelar kaɗai ke cikin ruwa. Ɗaukewar wuta ita ma babbar barazana ce, domin oksijin na raguwa cikin 'yan sa'o'i a ruwan da ya tsaya, shi ya sa ake haɗa aƙalla famfo ɗaya da batir, a kuma bar sarari a tankin ƙasa wanda zai karɓi ruwan da ke komowa ta bututu idan famfon mayarwa ya tsaya.

Bayan duk lissafi, murjanin kansa ne ke nuna ko an dace, kuma ruwa ba ya tsami banza. Idan yatsunsa sun buɗe suna lilo a hankali hagu da dama, gudun ya yi daidai. Idan sun noƙe ko sun kwanta gefe ɗaya ba sa dawowa, ya yi yawa. Idan datti ya taru a bayan duwatsu ko jan yauƙi ya lulluɓe yashi, to akwai lungun da ruwa ba ya kaiwa. Gudun kuma ba ya dawwama yadda aka saita shi, saboda sinadarin kalsiyam yana daskarewa a jikin farfela ya rage mata ƙarfi, rassan murjani kuma suna tare hanyar ruwa yayin da suke girma, don haka ake cire famfo a jiƙa shi a ruwan kal duk bayan 'yan watanni, a kuma sake duba inda yake fuskanta. Mai niyyar wannan kiwo zai fi samun nasara idan ya fara da ninki 20, ya sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, sannan ya ba murjanin kwanaki kafin ya sake taɓa famfon.